Kada ka haɗa shi da karyar da ba a gwada jininta ba

Ka ce wani ya zo da karyarsa yana son zakaran karenmu ya yi mata barbara, yana riƙe da takardar likita, kuma yana sauri wai lokacinta zai wuce. Kana tambaya ko ka ba shi. Ɗana, saurin nan nasa shi ne abin da ya kamata ya tsayar da kai.

Yadda ake gane karya ta kai lokaci da yadda ake riƙe su in sun ƙulle, wannan ba zan ɓata bakina a kai ba, mai share keji ma ya sani. Abin da ke hallaka gida shi ne cutar burusela, dangin bakkalen da ke sa shanu ɓari. Karya za ta zo fes, gashi na sheƙi, tana cin abinci, alhali ƙwayar na jikinta. Haɗuwa ɗaya ta isa.

Ga yadda macuta ke yi, kuma ba a bakin wani na ji ba. Mutum yana da karya biyu 'yan uwa masu kama ɗaya. Ɗaya ta yi ɓari wajen kwana 45 zuwa 55 na cikinta, cikin da ya kamata ya kai kwana 63. Ya san abin da hakan ke nufi. Sai ya kai lafiyayyar a gwada, ya karɓi takarda, ya ɗauko mai ɓarin ya kawo maka da ita. Ka duba hatimi, ka ga daidai, ka buɗe ƙofa. Bayan 'yan makonni marainan karenka su kumbura, yana lasa, yana tafiya a bubbuɗe. Daga baya su motse, maniyyi ya lalace. Magani ba ya fitar da cutar gaba ɗaya, takan lafa ne ta dawo. Ƙarshenta dandaƙa. Kuma alƙalin gasar karnuka da hannunsa yake taɓawa ya tabbatar maraina biyu na nan lafiya, don haka fili ma ya rufe masa. Kare mai sanyin hali, wanda yaro ke jan kunnensa bai ko ɗaga leɓe ba, shekara da shekaru ana tace jininsa, ya tashi a banza saboda takardar da ba tasa ba. Mai karyar kuwa ya rantse bai san komai ba, wayarsa ma ta daina shiga. Cutar tana kama mutum, ka sani, musamman mai kwashe ɓarin da hannu babu safa.

To ka saurara. Takarda ba ta da amfani sai ka ɗora na'urar karantawa a kafaɗar karyar, lambar cif ɗin da ke ƙarƙashin fatarta, mai lamba 15, ta yi daidai da wadda ke rubuce. Gwajin kada ya wuce kwana 30, kuma likitan da muka yarda da shi ne zai ɗebi jinin. In an haɗa ta da wani kare kwanan nan, a mayar da ita, domin ƙwayar kan ɗauki makonni kafin ta bayyana a jini, wani lokaci har 12. Namu ma a riƙa gwada shi duk wata shida.

Zancen lokaci zai wuce kuwa, mai kiwon kirki tun ranar da ya ga karyarsa ta fara zubar da jini yake zuwa, yana da kusan kwana 9 a gabansa, gwajin sinadarin furojestaron kuma ya nuna ranar da za a haɗa su. Wanda ya zo a ƙurarren lokaci ya jira zagaye na gaba, wata shida ne ko bakwai.

Ku yaran yanzu da kun ga hoton karya a waya da kuɗi a hannu, shi ke nan hankali ya tafi. Je ka ɗauko na'urar, in ya ƙi a karanta lambar, raka shi bakin ƙofa.