Filin Likita: An ce suna zargin ƙanina na da limfoma

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Ƙanina ne ɗan shekara 24 kaluluwa ta fito masa a gefen wuya kusan wata uku kenan, ba ta masa ciwo shi ya sa muka share, sai kuma ya fara rama ga zufa cikin dare har zanin gado ya jiƙe. A asibiti sun ce suna zargin limfoma, wai sai an ciro kaluluwar an auna. Mama ta ce atafau ba za a sa masa wuƙa ba, wai in ƙarfe ya taɓa cutar daji, wato kansa, bazuwa take yi. Don Allah mece ce limfoma, kuma ana ɗauka? Ɗaki ɗaya suke kwana da ƙannensa. Daga wata 'yar uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Limfoma ba a ɗaukarta, ko kusa, in ita ce su ci gaba da kwanansu tare. Maganar wuƙa kuma ki lallaɓa Mama, ciro kaluluwa ba ya baza cutar, hasali ma in ba a ciro ba ba yadda za a yi a san me ke damunsa, don gwajin jini ko hoto kaɗai ba sa tabbatarwa. Kuma zargi suka ce fa, tarin fuka ma yana kama kaluluwar wuya ya zo da rama da zufar dare sak irin wannan, kin ga maganin wancan daban na wannan daban.

Ita limfoma kansa ce ta wani jinsin fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosayit, sojojin da ke yaƙi da cuta. Mazauninsu kaluluwa ce, ɗaruruwa ne a jiki, a wuya da hammata da matsematsi da cikin ƙirji da ciki, sai kuma saifa da ɓargo. In mutum ya ji ciwo a ƙafa kaluluwa ta sauko masa, sojojin ne ke aiki, takan yi zafi kuma ta baje cikin sati biyu ko uku. A limfoma kuwa ƙwayoyin ne suka lalace suke ta hayayyafa ba tsayawa, kaluluwar ta yi tauri kamar roba, yawanci ba zafi, kuma ba ta bajewa sai ma ƙaruwa. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane, ni dai kaluluwar da ke ciwo ba ta tayar min da hankali kamar wadda ta yi shiru. Sauran alamun: zazzaɓi ba dalili, ƙaiƙayin jiki, da zubewar sama da kashi 10 cikin 100 na nauyi a wata 6.

Abin da nake so ki riƙe shi ne limfoma ba cuta ɗaya ba ce, ire-irenta sun haura 60. Akwai gidan Hodgkin, sunan wani likitan Ingila Thomas Hodgkin da ya fara bayaninta a 1832, tana yawan kama matasa sa'annin ƙaninki kuma tana cikin kansar da ta fi jin magani, inda ake samun cikakken magani sama da mutum 8 cikin 10 suna warkewa. Sauran duka, wajen kashi 90 cikin 100, ana ce musu waɗanda ba Hodgkin ba. A cikinsu akwai masu gudu, irin ta Burkitt da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙin yara, wadda ke da alaƙa da wata ƙwayar cutar bairos da ake kira EBV da yawan maleriya, sannan akwai masu tafiyar hawainiya da likita zai iya cewa a sa ido kawai tukuna. Abin mamaki masu gudun su suka fi warkewa gaba ɗaya in an kama su da wuri. Mafi yawan lokuta ba a gano musabbabi, sai dai raunin garkuwar jiki irin na HIV yana ƙara haɗari, shi ya sa za su yi masa wannan gwajin, kar ku ɗauka zarginsa ake.

In an tabbatar za a yi sikanin a ga inda ta kai, mataki na 1 zuwa 4. Ko kun ji an ce na 4 kar ku yanke ƙauna, a limfoma ana warkewa ko a nan. Tiyata ba ita ce magani ba, kemo ne, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ake ƙarawa ta jijiya zagaye-zagaye na wasu watanni, wani lokaci a haɗa da gashin haske, wato ƙona cutar da hasken na'ura, ko wata allura da ake kira rituximab. Gashin kai zai iya zubewa, zai dawo.

Kafin a ciro kaluluwar kar ya sha magungunan rage kumburi irin su prednisolone ko dexamethasone ba da umarnin likita ba, suna sa kumburin ya sauka na ɗan lokaci sai a rikita sakamakon gwajin. Sannan tunda saurayi ne, ya tambayi likitansa maganar haihuwa tun kafin a fara kemo, wasu magungunan suna taɓa maniyyi kuma akwai cibiyoyin da ke adana shi.