Amsa: ɗaukar 'yan rawa a tsohuwar masana'anta ba filasha

Malam, ka ce kana so ka ɗauki hoton 'yan rawa cikin tsohuwar masana'anta da hasken rana kawai. Ka je da safe ko bayan la'asar, lokacin rana na shigowa a karkace ta manyan tagogin nan, in ƙura ta ɗan tashi ma har zaren hasken za ka gani. Mai rawan ya tsaya gefen taga, kar ya ba ta baya sai in inuwarsa kake so. Saurin ɗauka na kamara kar ya gaza 1/500 na daƙiƙa, in ba haka ba hannu da ƙafa duk su dushe, ISO kuwa, wato ma'aunin yadda kamara ke karɓar haske, kai shi 1600 ba matsala. Amma don Allah ku nemi izinin masu wurin, ku share ƙusoshi da fasasshen gilashi tukuna, wasu ba takalmi suke rawa.