Kafin ka taɓa injin, duba tsatsa

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi mota MGB ƙirar 1972 da ta daɗe a ajiye, kana tambaya ko da inji za ka fara ko da fenti. Fara da tsatsa.

MGB, wadda aka ƙera a Ingila daga 1962 zuwa 1980, ba ta da shasi daban. Bodin ne ke riƙe da komai, musamman ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi. Kwanta ƙasa da tocila, ka soki wurin da sukudireba. In ya burma, walda ce aikinka na farko. Bi bodin da maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa an cike rami ne an shafe da fenti. In ƙofa ta fara sauka tana gugar ƙarfen da ke ƙarƙashinta, abin ya yi nisa.

Injin mai cc 1798 yana da haƙuri, kayansa kuma ba su da wuyar samu. Amma kada ka tayar da shi da tsohon fetur. Cire filogi, ɗiga baƙin mai a kowace silinda, ka juya injin da hannu tukuna.

Robobin birki da mansa kuwa, canza su duka. Fenti sai ƙarshe.