Ka je gaisuwar Baba Saje, ɗana

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce ka ji rasuwar maƙwabcinmu Baba Saje, kana son zuwa Sakkwato ka gai da iyalinsa, amma abokanka sun ce maka wai Musulmi ba ya zuwa gaisuwar mutuwar Kirista. Ka kuma tambayi abin da ake faɗa in an je, da dalilin da ya sa har yau ba a binne shi ba.

Ka je. Haka muka tarar da iyayenmu suna yi, kuma ba da ka suka yi ba. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta ce Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu a kan addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. A Bukhari da Muslim an ruwaito cewa an wuce da gawa, Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce masa ai Bayahude ne, sai ya ce: "Ashe ba rai ba ne?" Balle mutumin da katanga ɗaya ce ta raba ɗakin kakarka da na matarsa tun ba a haifi uwarka ba.

Kai da tsufansa ka san shi, yana zaune a kujerar ƙofar gida da rediyo a cinya. Bari in gaya maka wane ne. Mutumin ƙasar Zuru ne, kuma Zuru tana cikin Jihar Sakkwato har 1991 da aka yanki Kebbi, shi ya sa bai taɓa yarda a kira shi baƙo a garin nan ba. Ya yi golmo kafin a ba shi matarsa Mama, wato shekaru yana noma a gonar surukai kamar yadda al'adarsu take, ya kan ce wanda ya ƙare golmo horon soja wasa ne a wurinsa. Yana saurayi aka kai shi Kwango aikin kiyaye zaman lafiya, wanda sojojin Najeriya suka yi daga 1960 zuwa 1964. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 yana cikin waɗanda aka tura ɓangaren Inugu. Labarin Kwango ba ya ƙare masa a baki, amma na basasa ko ka tambaye shi sai ya girgiza kai ya ce Allah kada ya maimaita.

Ranar 15 ga Janairun kowace shekara, ranar da aka gama yaƙin a 1970, wadda ita ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya, tun da asuba za ka ji shi yana goge takalmi. Ya fito da lambobinsa daga gwangwanin da yake ajiye su, ya jera su a ƙirji, ya karkata hula, ya tafi fareti da 'yan'uwansa tsofaffin sojoji. Ko da gwiwa ta gaza, jikansa ya riƙa kai shi a babur. Ya sha wahalar bin kuɗin fansho, wata da watanni shiru, amma ban taɓa jin ya kori ɗa daga makaranta don kuɗi ba. Gadi ya kama da dare ya cike giɓin. Marayun ƙanensa ma a ɗakinsa suka girma.

A kan addininsa kuwa ba ya wasa. Duk Asabar da yamma shi ke hura gawayi a dutsen guga ya goge kayan yara da hannunsa, Lahadi ya tasa su gaba zuwa coci. Kullum da dare sai mun jiyo shi yana karanta musu Littafi Mai Tsarki da Hausa. Da azumi ya kama, ya hana 'ya'yansa fitowa waje da abinci a hannu. Da Kirsimeti, ni yake kira in yanka akuyar, don mu ci ba da shakka ba. A watan Mayun 2022 da gari ya rikice har aka sa dokar hana fita, 'ya'yansa sun matsa a ɗauke shi, ya ce ba inda za shi. A zaurenmu Mama da jikoki suka kwana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rasuwar kakanka. Kwana uku Baba Saje yana kan tabarma tare da mu, daga hantsi har magariba. In an ɗaga hannu ana addu'a sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru, in an tashi salla ya koma gefe ya tsare mana takalma. Bai bar nasa addinin ba, bai kuma bar mu ba. Bashi ne a kan gidanmu, kai ma kana cikin masu biya.

Abin faɗa ba shi da wuya. Ka durƙusa ka gai da Mama, ka ce: "Mama, sannunku da rashi, ya haƙuri? Allah ya ba ku juriya, ya raya abin da ya bari." Malamanmu sun koya mana mu tsaya a kan addu'ar haƙuri ga masu rai, sauran kuma a bar wa Allah. In ka tuna wani alheri da ya yi maka, ka faɗa mata, ai shi ya koya maka hawa keke. Kada ka ɗauko zancen addini a gidan makoki, ko da wani ya tsokane ka.

Batun jinkiri kuwa, kada ka ga laifinsu. Mu muna gaggauta kai mamaci makwancinsa, sannan a zauna karɓar gaisuwa. Su sukan ajiye gawa a mutuware har 'ya'ya da dangi na nesa su hallara, a sa rana. Daren jajibiri za a yi zaman waƙoƙi a ƙofar gida, matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, su zo cikin ankonsu da tulunan kiɗa, a yi wa'azi, a ba da tarihinsa. Za ka ga har da rawa, kada abin ya ba ka mamaki: a wurinsu wanda ya haura 80 ya ga jikoki, godiya ake yi wa Allah a kan rayuwarsa. Washegari a kai shi coci cikin akwati, daga nan sai Zuru, don ya bar wasiyya a kwantar da shi kusa da iyayensa. Tsofaffin sojoji sun ce za su zo su sara masa.

Ni dai zan zauna a rumfa tare da maza, in lokacin salla ya yi in tashi, ranar coci kuma in jira a waje in raka motar zuwa bakin gari. Kai ma haka za ka yi. Kada ka zo hannu rabbana, domin baƙi sun cika gidan kuma ga kuɗin akwati da na mota. Ka sa abin da ya sawwaƙa a ambulan ka ba babban ɗansa a keɓe. Ka taho ranar Alhamis da wuri, ka biyo ta kasuwa ka ɗauko shinkafar da uwarka ta ce a kai wa Mama.

Kawunka.