Amsa ga mai tambaya: intalok ko kankare mai zane a bayan gida?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce filin bayan gidanka mita 6 ne da mita 8, bututun sokawe ya bi ta ƙarƙashinsa, kuma mai aiki ya rantse maka cewa kankare mai zane, wato wanda ake danna wa zane tun yana ɗanye, ba ya tsagewa. Wallahi rantsuwar nan ce ta hana ni wucewa, don ciwon da kake gudu na san shi, kuma da yawanmu a nan da irin wannan daɗin bakin aka cuce mu.

Babu kankaren da ba ya tsagewa. Yana bushewa yana tsukewa, ranar Maris da Afrilu ta gasa shi ya buɗe, sanyin hunturu ya sake matse shi. Mai aikin kirki zaɓa masa wurin tsagewa yake yi: ya yanka layi da inji duk mita 2.5 zuwa 3, zurfinsa kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin daɓen, kafin kwana ya zagayo da zubawa. Wanda bai kawo maka maganar yankan nan ba, ko dai bai san aikin ba, ko kuma kuɗinka kawai yake hange.

Tunda akwai bututu a ƙasa, ni dai intalok zan ce maka, wato duwatsun siminti da ake jerawa a daɓe. Ranar da ya toshe, kuma zai toshe, ɗaga duwatsun za a yi, a gyara, a mayar da su. Kankare kuwa sai an fasa, kuma facin ba zai taɓa zama launi ɗaya da tsohon ba, zanen ma ba zai hau layi ba. Kullum ka fito alwala idonka a kansa.

Amma bari in faɗa maka abin da ya fi ƙona rai, don ba kayan ne matsalar ba, masu aikin ne. Filinka murabba'in mita 48 ne. A kaurin santimita 10 da haɗin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, buhu wajen 30 zai ci. Buhu 30 ɗin za su rubuta maka, ka biya, kana juya baya a zuba 20, kaurin ya koma santimita 6 a tsakiya inda ba ka gani, gefen kawai ake cikawa. Sannan su tsuga ruwa a kwaɓin don ya yi saurin bajewa, su samu su tashi da wuri. Ruwan nan shi ne ajalin daɓen: yana ƙafewa ya bar ƙananan ramuka, saman ya fara gari, ka share da tsintsiya ka ga ƙura tana tashi. Ragar ƙarfen da ka saya su shimfiɗe ta a kan ƙasa, alhali a tsakiyar kankaren ya kamata ta zauna, a ɗora ta kan 'yan duwatsu. Garin launin da ake barbaɗawa kankare yana ɗanye don ya shige jikinsa, sai su bar shi, su jira ya bushe su shafa fenti, su bi da man ƙyalli. Ranar biyan kuɗi wurin yana sheƙi, kowa yana ma sha Allah. Damina ɗaya fentin ya fara ɓarewa, ka kira waya a kashe, ka je shago a ce oga yana Abuja. Mutum ya tara kuɗi da guminsa a yi masa haka, kuma ba su jin ko ɗar. Allah ya isa kawai.

Kada ka biya duka. Ka riƙe wani abu sai an yi ruwa mai ƙarfi ka ga inda ya kwanta.

Intalok ɗin ma ba a kan ƙasa ake jera shi kawai ba. A kwashe ƙasar sama mai taushi, a zuba marmara ko tsakuwa da garin dutse santimita 10 zuwa 15, ana yayyafa ruwa ana bi da injin daɓe, hawa biyu, ba a lafta gaba ɗaya ba. Duk intalok ɗin da ka ga ya lotsa, daɓen ƙasan ne aka yi wa ha'inci, musamman a kan ramin bututu da aka cike. A kai sai yashi mai kaushi santimita 3, kada ya wuce 4. Intalok mai kaurin milimita 60 ya isa wurin da ƙafa kawai ke takawa, in mota za ta hau sai mai 80. In mai tsawon santimita 20 da faɗin 10 ne, guda 50 ke cika murabba'in mita, kenan 2,400, ka ƙara 120 saboda yanka da fashewa, ragowar ka ajiye. Gefen kuma dole a ɗaure shi da dutsen gefe a cikin kankare, in ba haka ba jerin zai riƙa buɗewa.

Wurin saye ka je da ƙusa. Ka karci bayan dutsen, in yana zubar da gari ka bar shi. Ka gwara biyu, mai kyau ƙara yake da kaifi. Ka tambayi ranar da aka buga, don siminti sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfinsa, su kuwa jiya a buga, gobe a loda a mota.

Gangara fa, kafin na manta, ko wanne ka zaɓa: santimita 2 a kowace mita, daga jikin gini zuwa rariya. A mita 6 santimita 12 kenan. Ruwan da ya kwanta a gindin bango shi ke jawo danshi da gishirin da ke cin filasta. In kuma akwai darbejiya kusa, saiwarta tana ɗaga duka biyun, sai dai intalok ana iya cirewa a sare saiwar.

Za su ce a shimfiɗa leda a ƙarƙashin intalok don ciyawa. Yawancin ciyawar iska ce ke kawo irinta cikin tsagin, ledar kuwa ruwa take riƙewa har yashin ya jiƙe duwatsun su fara rawa. A share busasshen yashi mai laushi cikin tsagin ya cika, a bi da inji, bayan damina a ƙara. Kada a toshe tsagin da siminti.

In har ranka na kan mai zanen, kada a zuba da tsakar rana ko ranar da iskar hunturu ke kaɗawa, don saman zai ƙame kafin a gama danna zanen. A rufe shi ya zauna da danshi kwana 7. Man ƙyallin ana sabunta shi duk shekara 2 zuwa 3, kuma yana da santsi in ya jiƙe, ga wanki ga yara ga tsofaffi, don haka a gauraya masa garin hana santsi.

Ba ka faɗi irin ƙasar unguwarku ba. In baƙar laka ce mai dararrashewa da rani, irin ta wasu sassan Gombe da Adamawa, ka ma cire kankaren daga lissafi, don da damina kumbura take yi ta ɗaga shi.