Tambaya da Amsa: Wai tayar jirgin ƙasa ma tana tsagewa?

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya, ni mai walda ne nan Daura. Tunda layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta garinmu zai bi muke ta gardama a shago, wani yace wai tayar jirgin kaya tana iya tsagewa rana tsaka tun bata cinye ba. Ƙarfe mai kaurin nan? Mi ke kawo hakan?

Amsa: Wa alaikumussalam malam. Mutumin naka yana da gaskiya, sai dai ba kasafai ake samu ba. Wajen ƙera tayar ana gasa ta, a fesa ma gefen da ke taka dogo ruwa don yayi tauri, sannan a sake maida ta wuta kusan digiri 500 na Selsiyas don taurin ya ɗan sassauta, to a nan ne fitinar take ɓuya. Ƙarfen da aka haɗa da kuromiyam, manganis ko nikel, in ya daɗe tsakanin digiri 375 da 575, ko aka barshi ya huce sannu sannu a wannan tsakanin, sai dattin da ke cikinsa, wato fosfaras da kuza da antimoni da asinik, su lallaɓa su taru a mahaɗar ƴan ƙwayoyin ƙarfen, kamar bulo ne mai kyau amma simintin da ya riƙe su duk yashi ne.

Abin haushin, in ka gwada taurinsa lafiya lau zaka gani. Sai an yanka ɗan guntu an maka mishi guduma a injin gwajin Charpy sannan asiri ke tonuwa, ya karye fal maimakon ya lanƙwashe, kuma lokacin sanyi abin yafi muni. Ga kaya, a Filbara ta Ostireliya jiragen tama na ɗora ton 40 kan tayu biyu kacal, ga zafin birki.

Magani, a ganina na farko shine tsabtar ƙarfen tun daga narkawa, don kuza da antimoni galibi daga gwangwan suke shigowa. Sai a ƙara wani ƙarfe da ake kira molibdinam ɗan kaɗan, bai wuce rabin kashi 1 cikin 100 ba, a kuma sanyaya shi da sauri. Wanda ya riga ya kamu ma yana warkewa, a kaishi sama da digiri 600 a sanyaya shi nan take.