Kan tambayar esi da matsin iska: ni ma na sha wannan ɗacin

Ƙanena, da na karanta tambayarka, wai a jirgin sama tsakanin matuƙa da mai hidimar fasinja wa ke da alhakin esi da matsin iska, wallahi kamar ni na rubuta. Zafi da sanyi kam aikinku ne tare, ita ta faɗa maka Alhaji na gumi, ko ta murɗa da kanta idan akwai makunni a baya. Amma matsin iska naka ne da kyaftin, babu na uku.

Tawa a Ikeja ta same ni. Jirgi ya fito daga hanga ya sha ranar azahar, mai jirgi ya iso kafin lokaci, APU, ƙaramin injin da ke ba jirgi wuta da iska yana ƙasa, bai gama sanyaya ciki ba. Yana faɗa, yaransa na taya shi. Kyaftin ya ce in yi sauri. Na karanta ceklis da baki, idona bai sauka kan makunnin matsin iska ba, ashe injiniyoyi sun bar shi a manuwal, wato sai an daidaita matsin da hannu. Muna hawa kunnena ya fara toshewa, na yi shiru don kada a ce yaro ya cika surutu. Sai ƙararrawa ta kaɗa, alamar matsin iskar cikin jirgi ya ragu ya zama kamar na tsayin ƙafa 10,000. Na sa takunkumin oksijin hannuna na rawa, muka dakatar da hawa, sannan muka gano. A ofis kyaftin ya ce laifina ne ni kaɗai. Mutumin da muke cin tuwo tare a Agege! Ko kallona bai yi ba. Na amsa nawa, amma wa ya ce a yi sauri? Har yau abin na ci mini rai.

Irin makunnin nan ne ya ci mutum 121 a jirgin Helios a Girka, 2005. A ƙafa 40,000 daƙiƙa 15 zuwa 20 kawai kake da su kafin hankali ya gushe, don haka takunkumi tukuna, bincike daga baya. Don Allah ka taɓa makunnin da yatsarka, ka riƙa leƙa mizanin matsi kuna hawa, ka duba tulun oksijin a buɗe yake.

Ka zo da wuri ka tada APU, rabin faɗan oga ya mutu. Kuma ka gaya wa mai hidimar, farin hazon da esi ke fesowa laimar Legas ce, ba hayaƙi ba, ta sanar da baƙi tun kafin su firgita.